Idi Sai-Gobe, Direban Amaren Madarumfa

Da an sallame sallar asuba, Idi ba ya komawa gida. Yakan saɓa ɗan tawul ɗinsa a kafaɗa ya bi gefen hanya zuwa tasha, masunta na wuce shi za su tafki, yana amsa gaisuwarsu. In ya isa, kafin ya zauna wajen mai shayi sai ya zagaya farar bas ɗin nan da duk Madarumfa ta sani. Ya daki kowace taya da ƙafa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ko ta zubar da mai, ya duba ruwa, ya sa a taka birki shi yana baya yana kallon jar fitila. Haka yake yi tun muna yara. Abin da ya sauya kawai shi ne, in ya gama, ba shi ke shiga ya tayar ba. Sai ya goge hannu, ya ce wa Ashiru, wanda ke tuƙa ta yanzu, "To, Allah shi tsare," ya koma benci ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Shayinsa yakan huce a gabansa bai sani ba.

Bana Idi ya ajiye makulli, bayan shekara talatin da wani abu a kan hanya. Ba wanda ya ƙwace masa takardar tuƙi, ba jandarman da ya tsayar da shi, ba kuma hatsari ya yi ba. Shi da kansa ya ajiye, kuma a lokacin da ajiyewar ta fi ciwo, ana saura ’yan makonni ya cika alkawarin da ya yi wa autarsa Ummulkhairi tun tana ’yar mitsitsiya, cewa shi zai tuƙa ta zuwa ɗakin mijinta. Ban ga an jera kujeru an yi masa taro ba, ban ji an ambace shi a rediyo ba. Shi ya sa na ce bari in faɗa tun yana raye, yana jin kunnensa.

In ka sauka a tasha ka ce kana neman Idi, sai a tambaye ka wanne daga ciki. Amma ka ce Sai-Gobe, ko mai tuyar ƙosai za ta nuna maka bencinsa. Mutanen garinmu ne suka laƙaba masa, su da ba sa iya ganin mutum ya zauna lafiya ba su ɗora masa suna ba. Wai in ka shiga motarsa za ka Maraɗi, ka yi sallama da iyali sosai, don sai gobe. Maraɗin da ke nan kusa! Sharri suke masa, yana isa a kan kari, tsere ne dai ba ya yi. Motar da ta tashi bayansa takan wuce shi a hanya, fasinjojinta na leƙowa suna ɗaga wa nasa hannu, nasa kuwa su cika su yi fam. Shi ko a jikinsa. Sai ma ya ɗan rage, ya matsa gefe ya ba mai wucewa wuri, don kada ya daɗe a hannun da ba nasa ba.

Wadda ta fi kowa yi masa tsiya ita ce Fati mai kifi, ita ce kuma ba ta taɓa shiga wata mota ba muddin tasa na tasha. Fiye da shekara ashirin tana kai bandar kifi kasuwar Maraɗi, kujerar gaba tata ce, ba a ma jayayya. Na same ta a bakin tafki wajen murhunta na ce ta ba ni labarinsa. Ta kore hayaƙi da gefen mayafi, ta ce:

"Mutumen ga ya sha zagina, Allah shi yahe mani. In ce mashi, ‘Sai-Gobe, kihin nan in munka daɗe haka, ruwa za shi koma.’ Shi yi dariya. Wata rana hanya wayam, ba kowa, sai na ji ya taka birki. Na ce mi kuma? Ya ce, ‘Dubi akuya can dama.’ Na ce na gan ta, kiwonta takai, ina ruwanka da ita? Ya ce, ‘Dubi ɗiyanta ga hagu.’ Ban ruhe baki ba sai ga su sun hwaɗo ma hanya a guje za su wurin uwa. Walle da wani ne, da gidan likita munka kwana."

Haka yake karanta hanya. Yaron da ke tsaye a wannan gefe uwarsa na wancan gefe, Idi ya riga ya san zai tsallaka. Mai babur da ya karkata kai ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, ya san ba ya tare da mu. Babbar mota in ta tsaya a bakin kwalta, a wurinsa akwai mutum a gabanta da zai fito bai duba ba, ko da kuwa babu. Ashiru, wanda a hannunsa ya koyi tuƙi shekarun baya, yanzu shi ma magidanci ne da furfurarsa ’yar kaɗan, ya ce mini abin da Idi ya fi nanata masa ke nan: "Kai da ka iya, tuƙinka kaɗai bai isa ba. Sai ka tuƙa har da na wanda bai iya ba."

Akwai kuma maganar ganye. Kowa ya san in mota ta lalace a hanya, akan karyo rassa a jera a kwalta, a tokare taya da duwatsu. To in an gyara, sai a tashi a bar wa Allah ganyen da duwatsun a tsakiyar hanya. Idi bai taɓa wuce su ba. Zai tsaya, ya fita da kansa ya kwashe, fasinja na tsaki. Dutsen ma bai kai ganyen ba shi haushi ba. Cewa yake ganyen da aka bari ba mota yana koya wa direbobi raina ganye, ranar da aka sa shi da gaske ba mai ragewa.

Amma abin da iyaye mata ba za su taɓa mantawa da shi ba, kai amarya ne. Duk wanda ya taɓa ganin rakiyar amarya a ƙasar nan ya san haukan da nake nufi. Samari su hau babura uku-uku su yanyame motar amarya, wannan ya sha gabanta, wancan ya saki hannu, wani ya miƙe tsaye a kan sirdi, duk don a ce abokan ango sun yi ƙoƙari. Direban shi ma ya ɗauki zafi ya taka, kada a ce motar amarya ce a baya. An sha mayar da biki makoki ta wannan hanya. Ba sai na kira sunan gidaje ba, masu abin suna raye, har yau in an yi guɗa a unguwa wasunsu ɗaki suke shiga.

Idi ya ce zai ɗauki amarya, amma da sharaɗi. A tashi da sauran rana, don ba ya ɗaukar ɗiyar mutane cikin duhu. Ba mai rataye a ƙofa. Kuma ba mai wuce motar amarya, ko waye shi. Da fari an ɗauka irin maganar nan ce da ake yi a zaure a manta a hanya.

Ranar da aka gane da gaske yake, ranar kai Maryama ce, ɗiyar Fati, za a kai ta garin Sarkin Yamma. An fita gari lafiya, mata na guɗa, sai samari suka fara abin nasu. Idi ya danna oda, ba su kula ba. Sai ya gangara gindin wani gawo, ya kashe mota, ya zare makulli ya jefa a aljihu, ya ɗauko goro ya ɓare. Babura suka yi gaba abinsu, sai can da nisa suka waiwaya, ba amarya. Suka dawo a fusace. Babban abokin ango ya leƙo ta taga.

"Baba, lahiya? Ta lalace ne?"

"Lahiyarta lau," in ji Idi. "Ku nike jira ku gama. Ku yi wasanku, akwai sauran rana. In kun gaji ku zo ku jera baya mu tahi."

"Haba Baba, jiranmu akai, an sauke abinci tun ɗazu!"

"Ni amarya anka ba ni. Ba a ba ni abinci ba."

Gwaggon amarya ta yi magiya, ta yi faɗa, ta koma magiya. Mota ta ɗauki zafi, amarya na lulluɓe tana zufa. Idi yana cin goronsa, har ya miƙa wa gwaggon ɓari. Da samari suka ga ba sarki sai Allah, suka ja babura suka jera a baya ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke. Haka aka shiga Sarkin Yamma a jere, a natse, har mutanen gari suka fito suna tsammanin wani babba ne ya zo daga Maraɗi. Daga wannan rana, in za a sa ranar biki a Madarumfa, akan aika a ji ko motar Idi na da sarari. Amaren da ya kai ba su ƙirguwa, daga nan zuwa Gabi, zuwa Ɗan Isa, har tsallaken iyaka, kuma ba wadda aka ce ko ɗan yatsan wani ya karye a rakiyarta.

Kai ne direban amare, Idi. Kai ne uwa ke miƙa wa ɗiyarta ta koma ɗaki ta yi kukanta na rabuwa kawai, ba ta haɗa da na fargaba ba.

To, a wajenmu uba ba ya raka ɗiyarsa ɗakin miji. Ya yi mata nasiha a zaure, ya sa mata albarka, mata su tafi da ita, shi ya zauna da abokansa yana amsa barka kamar ba abin da ya dame shi. Yana iya shekara da shekaru bai taka gidan ba, saboda kunyar surukai. Kowane uba haka yake haɗiyewa. Amma Idi ya daɗe da hango wa kansa ƙofa. Lokacin Ummulkhairi na ƙarama, duk ran da ya dawo daga kai amarya takan ruga ta shige motar, tana shaƙar sauran turaren da mata suka bari, tana tambaya ko amaryar ta yi kuka. Wata rana ya ɗaga ta ya ce, "Ranarki ni za ni kai ki, Auta."

Matarsa Rakiya tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, "Malam, wane uba ka taɓa gani ya kai ɗiya?"

Ya ce, "Ai ba uba za shi tahi ba, direba ne. Direba ko ba ya sauka. Daga kujerata za ni ga ƙohwar da za ta shiga, in juyo. Wa za shi ce na yi abin kunya?"

Aka yi dariya, amma shi ba wasa yake ba, yarinyar ma ba ta ɗauke shi wasa ba. Ta girma, ta koyi ɗinki har ta buɗe shagonta, ta kawo wanda ranta ke so, wani malamin makaranta mai suna Faruk a Gabi. Aka sa rana bayan an gama kaka. Idi ya sa aka sake wa kujerun bas sabuwar riga, ya ce wa masu tambaya tsofaffin ne suka yage.

Ana cikin kakar ne abin ya faru. Yana dawowa daga Maraɗi, rana ta yi ja, Fati na gefensa da kwandunanta wayam. Akwai wani wuri da turbar gonaki ke ratsa kwalta, inda amalanken shanu ke tsallakawa da damman hatsi. Manomanmu kuwa kun san su. In sun gama lodi sai mutum ya haye can bisa ya miƙe, gajiya ta kwashe shi, ya bar wa shanu tuƙi. Shanun sun san hanyar gida sarai, dokar hanya ce ba su sani ba. Idi bai taɓa isa wurin nan bai rage ba, ko da amalanke ko babu, har mota ta koma tafiyar mai ƙafa. Ranar ma ya rage. Ya duba, hanya fes, ya ɗora ƙafa zai ƙara wuta. Sai ga ƙahon bijimi a gaban gilashi, kamar daga ƙasa ya tsiro. Ya danne birki, mota ta tsaya cak, amalanke ya wuce a hankali yana ƙara, mai shi na bisa ko motsi bai yi ba.

Fasinja suka yi salati, daga nan suka shiga yabo. Fati ta juya baya tana cewa, "Kun gani ko? Ku da ke cewa ba ya sauri! Tun daga nesa ya hango shi." Idi ya riƙe sitiyari da ƙarfi. Shi kaɗai ya san amalanke da shanu biyu da lodin da ya kai tsayin ɗaki ya taho ta damansa a fili, bai gan shi ba sai da ya shigo gabansa. Sabo ne ya rage gudun motar, idonsa bai yi komai ba.

Da kowa ya sauka a tasha, Fati na ɗaura kwanduna, ya kira ta ya ce, "Fati, bar yabona. Ban gan shi ba."

Ta ce, "Wa?"

"Amalanken. Wallahi ban gan shi ba."

Da ya yi shiru, da ba mai sani. Wannan ne wurin da nake so mai karatu ya tsaya. Ba wanda ya ji ciwo, ba wanda ya zarge shi, yabo ma aka yi masa, ga bikin autarsa ya matso. Amma washegari bai yi lodi ba, ya tafi Maraɗi wajen likitan ido a motar wani. Aka ce hawan jinin ido ne, irin wanda ke cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya a hankali, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Aka ba shi maganin ɗigawa don a tsare abin da ya rage, aka kuma gaya masa gaskiya, wanda ya tafi ba ya dawowa. Ya dawo gida ya kira Ashiru, ya sa masa makulli a tafin hannu, ya rufe hannun da nasa.

Nan fa gari ya ɗauka. Abin da ya rikita mutane shi ne, abin da ke gabansa yana ganinsa tar. Zai gane ka daga nesa, zai karanta lambar mota. Sai aka yi ta cewa wane irin ciwon ido ne wannan, mutum na zura zare a allura? ’Yan tasha suka ce hanyar nan ko an ɗaure masa ido zai bi ta. Tsofaffin mata suka ce sun fi yarda da Idi da rabin ido a kan yaran yanzu da ido huɗu. Ƙauna ce, na sani, amma ƙaunar garinmu wani lokaci ba ta da tunani. Da biki ya ƙarato, sai maganar ta koma ɗaya: ya yi wannan tuƙin kawai, na ƙarshe, da rana tsaka, Ashiru na gefensa yana duba masa. Wasu suka ce to ya zauna kusa da Ashiru mana. Ya ce wannan kujerar gwaggon amarya ce, in ya zauna a kanta uba ne ya kai ɗiya, surukai su ce gidansu ba mata. Ko ya tuƙa, ko ya zauna gida, ba na uku.

Ummulkhairi ba ta roƙe shi ba, wannan ya fi yi masa nauyi. Takan kawo masa abinci ta durƙusa, ta ɗan jima kamar za ta yi magana, ta tashi. Rakiya ce ta kasa haƙuri. Ta ce, "Malam, ɗiyan mutane nawa ka kai? Taka guda, ita ce za ka ba wani? Gabi ce hwa, ba Makka ba." Shi ma abin da zuciyarsa ke faɗa masa ke nan dare da rana. Yana son hanyar nan, yana kewar ta kamar yadda ake kewar mutum. Yana so ya ji motar ta yi nauyi da mata da guɗa a bayansa sau ɗaya tak, ya san wadda ke lulluɓe tasa ce.

Ana gobe kai amarya, Ashiru ya kawo motar ƙofar gida don a wanke ta. Da gari ya waye, kafin ’yan biki su cika gida, Idi ya fito ya buɗe ya shiga mazauninsa. Kujerar ta karɓe shi yadda ta saba. Ya gyara madubi, ya ɗora hannu a sitiyari, ya dubi layin unguwa miƙe a gabansa, komai fes, har kajin da ke tono can ƙarshen layi. Ya ce a ransa, to me ya rage? Ya jima a haka yana bin hanyar Gabi a zuci, kwana bayan kwana, inda yashi yake da inda rami yake, har ya kusa yanke shawara.

"Malam, kununka ya huce."

Ya zabura ya juya. Rakiya ce tsaye a jikin tagarsa, da kwano a hannu, kusa da shi har zai iya taɓa ta.

"Yaushe kinka zo?"

"Tun da ka gyara madubi nike nan," in ji ta a hankali. "Na ɗauka kana ganina."

Suka dubi juna. Rakiya ta sa gefen mayafi ta share ido, shi kuwa ya buɗe ƙofa ya sauko, ya karɓi kunun. Daga nan ba ta sake cewa ya tuƙa ba, in ma wata ta ɗauko zancen ita ke kashe shi.

Bayan azahar aka fito da amarya zaure. Idi ya yi mata nasiha irin ta kowane uba, muryarsa ba ta yi rawa ba sai da ya zo ƙarshe. Ya ce, "Auta, na yi maki alkawali, ban cika ba. Ki yahe mani. Na hi son ki isa da in kai ki." Ta kama ƙafarsa tana kuka, sai da mata suka ɓamɓare ta. Ashiru ya tayar da mota, aka yi guɗa, aka tafi. Idi ya koma tabarma cikin abokansa, yana amsa barka kamar kowane uba. Waɗanda ke kusa da shi sun ce ya karkata kunne yana bin ƙarar injin har ta ɓace, ana yi masa magana bai ji ba.

Kafin magariba Ashiru ya dawo. Ya sami Idi a ƙofar gida shi kaɗai, ’yan barka sun watse. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Yaya hanya?" in ji Idi.

"Lahiya lau, Maigida. Ba abin da ya hwaru."

Shekara da shekaru iyaye maza ke tare Idi da wannan tambaya in ya dawo, su kewaya su kewaya kafin su kai ga abin da suke son ji. Yau shi ke kewayawa. Ashiru ya zaro waya zai nuna masa hoton gidan, Idi ya ce a’a, ya faɗa masa da baki.

"Ƙohwar gabas ta duba, Maigida. Akwai iccen dogon yaro babba bakin zaure, rijiya ba nisa. Uwar mijin da kanta ta hito tarbo."

"Madalla. Ita hwa?"

Ashiru ya sunkuyar da kai. "Ba ta ce komi ba duk hanya. Amma da mata sunka kama ta za su shiga da ita, ta tsaya bakin zaure, ta ɗaga mayahi kaɗan, ta juyo ta dubi kujerar direba."

Idi ya jawo buta ya fara alwala.

Idi, mun gode. Mun gode da shekarun da ka kai mu ka dawo da mu muna yi maka tsiya. Mun gode da duwatsun da ka kwashe, waɗanda ba mu san ranar da za su kashe mu ba. Kai ne wanda aka yaba a kan abin da bai yi ba, ya ce a’a, ban gani ba. Kai ne ka fi kowa son sitiyari, ka sake shi da hannunka, a ranar da duk gari ya ba ka izinin riƙewa. Mun yi kewarka a hanya, ba kaɗan ba. Fati ta ce har yau in ta zauna gaba takan juya za ta tsokane ka, sai ta ga ba kai ba ne.

Ku kuma direbobinmu da ’yan kabu-kabu, ba na ce ku zama Sai-Gobe duka ba, na san ba za ku iya ba. Amma ku rage a inda turba ta ratsa kwalta ko ba ku ga kowa ba. Ku kwashe ganyenku in kun gyara. Ku sauke waya daga kunne, ku bar amarya ta yi gaba. Wanda ya daɗe a kan hanya ya je a duba masa ido tun bai ji komai ba, in kuma aka ce ya isa, ya tuna akwai wanda ya ajiye a lokacin da ya fi shi dalilin ƙin ajiyewa.

An ce bayan salla Ummulkhairi za ta zo ganin gida, Ashiru ne zai ɗauko ta. Idi, na san tun da hantsi za ka kasa zama a benci, kana fita bakin hanya kana dawowa. Allah ya tsare maka sauran ganinka ka ga saukowarta, ya kawo maka ita lafiya yadda ka kai mana namu.